Gidan haya a bakin tafkin Windermere: amsa ga 'yar'uwa mai tambaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kuna son yin mako guda a yankin tafkunan nan na arewa maso yammacin Ingila cikin watan Agusta, ke da maigida da yara da Hajiya surukarki, kina kuma waswasi tsakanin otal da gidan ƙauye da za ku riƙa girki da kanku. Tunda da tsohuwa a tafiyar, gidan nake ba ki shawara. Hajiya ba za ta jure karyawa da gasasshen burodi da waken gwangwani kullum ba, a otal kuwa ba inda za ki dama mata koko.

Amma kada hoto ya ruɗe ki. Gidajen tsofaffi ne, ginin dutse, bango mai kauri, rufi a ƙasa-ƙasa har dogon mutum sai ya sunkuya a bakin ƙofa. Matakalar bene a tsaye take, ga ƙunci. Don haka kafin ki biya ko sisi ki tambaya: akwai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa? Gwiwar Hajiya ba ta hawa da sauka ba ce. Ki kuma tambaya ko suna karɓar baƙi masu karnuka, domin da yawansu suna karɓa, kuma a kan kafet ɗin nan za ku shimfiɗa darduma. Akwai waɗanda ba a shiga da dabba, su za ki nema.

Kalmar "kusa da tafki" ma ki bi ta a taswira. Garin Windermere kansa, inda jirgin ƙasa ke tsayawa bayan an canja a Oxenholme, ba a bakin ruwa yake ba, sai an gangara Bowness. Cunkoson Bowness a Agusta ba a magana. Mu mun fi jin daɗin wajen Ambleside da Grasmere, inda bas mai lamba 555 ke ratsawa har Keswick.

Batun girki shi ne babba. Kicin ɗin da komai, har cokula, amma ni da tukunyata da kaskona nake tafiya, don ban san abin da aka soya a nasu ba. Naman halal ki saye shi tun daga Manchester ko Preston, ki sa shi cikin kula mai ƙanƙara. Ki haɗa garin tuwo, kuka, daddawa, yaji da muciya. Madara, ƙwai, dankali da kifi duk za ki samu a can. Miyar ranar farko ki yo ta daga gida, saboda yawanci sai wajen ƙarfe 4 na yamma ake ba da mabuɗi, kun kwaso gajiya, yara na kukan yunwa. In za ki yi suya ki buɗe taga, na'urar hayaƙinsu ba ta da haƙuri. Kada ki zuba mai a wurin wanke-wanke, gidajen da ke wajen gari ramin masai nasu ne na kansu. Buta kuma kar a manta da ita.

Ruwan sama ki sa a ranki za a yi. A yankin ne Seathwaite take, inda ake samun sama da milimita 3,000 a shekara. A ranar ruwa ne gidan ke biyan kuɗinsa: a hura murhun itace, tuwo na kan wuta, ta taga kana hango tumaki a jikin tsauni cikin hazo. Hajiyarmu nan take zama da carbinta, ba ta ko son a ce a fita.

Don Allah ki kula da yara a bakin ruwa. Windermere shi ne tafki mafi girma a Ingila, tsawonsa ya kai kilomita 17, yana da zurfi, kuma ko da rana ta take sanyinsa na iya ɗauke wa mutum numfashi. In kin ga ruwan ya yi kore-kore, ko ƙafa kar su sa. Ku hau jirgin ruwa daga Bowness zuwa Ambleside, kowa zai more har Hajiya. Sallar Juma'a kuwa maigida ya shirya tuƙi zuwa Lancaster, ya fita da wuri, don hanyoyin ƙauyen sirara ne, katangar dutse dama da hagu. Allah Ya kai ku lafiya, ki gaida Hajiya.