Amsa kan yadda ake yin siliki

Hajiya, kin tambaya ko da gaske tsutsa ke yin siliki. Wallahi gaskiya ne, na gani da idona a Bursa ta Turkiyya da muka je da iyali.

Ganyen wata bishiya da Turkawa ke kira dut take ci, kusan wata guda. Sannan ta naɗe kanta da zare ɗaya tak, mai iya kai mita 900. Sai a zuba ƙunshin a ruwan zafi, danƙon ya saki, a haɗa zarurruka a warware. Tsutsar mutuwa take a ciki, ɗiyata har hawaye ta yi.

Tsamiyar da ake aikin babbar riga da ita ma ta tsutsa ce, amma ta daji.

In kin shiga Kasuwar Dole sayen siliki, ƙona ɗan zare ki gwada. Na gaske warin gashi yake, na roba narkewa yake.