Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Ingila ba ta da ikon ɗauke yaro da kanta

'Yar'uwa, kin ce makaranta ta kai rahoton tabo a hannun ɗanki, ma'aikaciya ta zo gida, kina tsoron ta tafi da shi. Ki kwantar da hankalinki. Dokar Yara ta 1989 ta ba ta damar bincike a ƙarƙashin sashe na 47, amma ɗauke yaro sai da umarnin kotu ko amincewarki. 'Yan sanda ne kawai ke iya yin haka cikin gaggawa ba tare da umarnin kotu ba, su ma iyakarsu awa 72. Umarnin gaggawa na kotu kwana 8 ne, ana iya ƙara 7.

Inda nake jin tsoro shi ne sashe na 20. Za a ajiye miki takarda a kan tebur, a ce ki sa hannu yaro ya zauna wani wuri na ɗan lokaci. Wannan da yardarki ne, kina iya ƙi, kina iya janyewa. Don Allah kada ki sa hannu sai lauya ya karanta, kuma ki nemi tafinta in Turancin ya yi miki nauyi. In magana ta kai kotu, lauyan iyaye kyauta ne.

Kada dai ki rufe wa ma'aikaciyar ƙofa, hakan yakan jawo zargi.