Ƙanena na so in sayar da filin gado ya buɗe shagon naman Turawa a Kuala Lumpur

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Daura ce, gidanmu gidan fawa ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan sa, har ya bar duniya kilishi yake yi, ni kuma dambun nama nake yi na sayarwa. Ƙanena yana Maleshiya, ya gama digirinsa na biyu. Ya ce shi da wani abokinsa ɗan ƙasar, wanda ya taɓa aikin girki a Italiya, za su buɗe shago a Kuala Lumpur, wai shi "deli", na busasshen nama da cuku da burodi irin na Turawa. Yana so mu sayar da filin da muka gada a hanyar Kongolam in tura masa rabonsa da nawa. A hotunan da ya turo mini ta WhatsApp na ga cinyoyi rataye har da kofato, kuma ba su yi mini kama da na sa ko rago ba. Wace irin sana'a ce wannan? Halas ce? In sayar da filin?
Daga wata mai karatu, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi nan.

Bari in fara da hoton, tun da shi ya hana ki barci. Idonki bai yaudare ki ba, idon 'yar mahauta ne. Cinyar da ake ratayewa da kofatonta a irin waɗannan shaguna ta alade ce. Mutanen Sifaniya ne suka fi barin kofaton, na garin Parma a Italiya kan cire shi. Gishiri kawai ake shafa mata, a rataye ta shekara guda ko fiye. Ina kyautata zaton hoton intanet yaron ya ɗauko don ya burge ki, bai lura da abin da ya turo ba. Amma ki tambaye shi kai tsaye, ba da wasa ba.

Ita kalmar, cikakkiyarta "delikatesen" ce. Jamusawa suka aro ta daga Faransanci, ma'anarta abinci na marmari. Tsohuwar sana'a ce. Shagon Dallmayr na birnin Munik ya samo asali tun wajen 1700, Peck na Milan ya buɗe a 1883, Fauchon na Faris a 1886. Baƙin da suka yi ƙaura daga Turai, musamman Yahudawa, suka kai ta Amurka, inda shagon Katz's na birnin Niyok yake tun 1888. In kin shiga irin shagon, za ki tarar da doguwar kanta ta gilashi mai sanyi, a ciki ga nama mai gishiri kala-kala, ga tsiran da aka cusa a hanji, ga cuku, ga zaitun da kayan tsami. Mai shagon yana bayan kanta da injin yanka, ya ɗanɗana miki, ya yanko miki giram 100 siriri kamar takarda, ya naɗe. In taƙaice miki, teburin mai kilishi ne ya samu gilashi da wutar lantarki.

Ba da raini na faɗa ba. Abin da ya haifi sana'arsu shi ya haifi ta gidanku: nama ya samu, ba firji, dole a yi dabarar da zai kai wata da watanni. Su suna yanka da shigowar sanyi, iskar duwatsu mai sanyi ta busar musu a hankali. Mu kuma Allah ya ba mu rana da iskar hunturu. Kin fi ni sanin yadda Baba kan fere nama ya shanya a kan gadon kara, kafin la'asar ya bushe, a tsoma shi a labu, a sake shanyawa, sannan ya ga wuta. Kin kuma san yadda ransa kan ɓaci in damina ta kankama, hadari ya haɗo nama na shanye.

To a Kuala Lumpur kullum damina ce. Na zauna shekara uku a Serdang, kudu da birnin, lokacin da nake karatu. Zafin rana yakan kai digiri 32 ko 33 kusan kowace rana, laimar iska tana wajen kashi 80 cikin 100, ruwan da ake yi a shekara kuwa ya ninka na Daura sau uku ko fiye. Wani abokin zamanmu ya taɓa samun tsarabar kilishi daga gida. Muka yi ta lallaɓa shi, ana ɓallar kaɗan-kaɗan kamar magani. Ranar da muka kwance takardar bayan kwana goma, ya yi laushi ya yi fumfuna fari fat. Mu huɗu, magidanta, muka tsaya a kansa shiru kamar an yi mana rasuwa.

Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe. Wanda zai yi busasshen naman Turawa a can, iskar ma sayenta zai yi. Sai ya gina ɗaki na musamman da na'ura za ta riƙe sanyinsa tsakanin digiri 12 zuwa 15, ta kuma daidaita laima dare da rana na tsawon makonni. Wuta a can ba ta ɗaukewa irin tamu, wannan gaskiya ne, amma ba kyauta ake ba da ita ba. Ga naman yana ramewa, kilo uku ya koma biyu ko ƙasa da haka kafin a sayar da ko yanki ɗaya. Ga haɗari, domin wannan nama ba ya ganin wuta kamar kilishi, ɗanye ake cinsa. In aka kuskure ma'aunin gishirin da ake haɗa shi da sinadarin naitirait, gubar da kan fito tana kisa. Ba sana'ar da ake koyo a YouTube ba ce.

Yanzu batun halas. Ana iya yin shagon babu alade ko kaɗan, kuma Turawan da kansu suna da na naman sa. Akwai biresawola ta kwarin Valtellina a arewacin Italiya, wadda ake busarwa na tsawon makonni. Akwai sesina ta lardin Leyon a Sifaniya. Akwai bastirma ta Turkiyya, wadda garin Kayseri ya yi suna da ita, ana shafe ta da haɗin hulba da tafarnuwa da barkono, kusan yadda kuke yi da labu. Sai dai cire alade daga kanta bai gama magana ba. Tsiran naman sa ma sau da yawa a hanjin alade ake cusa shi. Wasu ana zuba musu giya don ƙamshi. Naman sa da aka yi a Turai kuma, wa ya yanka? Cuku ma yana da nasa. Shahararren nan na Italiya, Parmigiano Reggiano, wanda curinsa ɗaya ke kaiwa kilo 40 kuma sai ya shekara kafin a sayar, da ruwan tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa. In ba yankan Musulunci aka yi wa maraƙin ba, malamai sun yi saɓani, kuma hukumar can ta ɗauki ɓangaren tsanani.

Kada ki ɗauka Maleshiya wuri ne da za ka rubuta "halal" a allo ka wuce. Hukumar JAKIM ce ke ba da takardar shaida, tana bin kowane sinadari har asalinsa. Naman waje ba ya shiga sai daga mayankar da hukumomin ƙasar suka amince da ita. A manyan kantuna, kayan alade da giya ɓangarensu daban, da kantar biyan kuɗinsu daban. Su 'yan mazhabar Shafi'iyya ne, ba Malikiyya irin tamu ba. In alade ya taɓa injin yanka, sai an yi masa wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, abin da suke kira sertu. Tun badaƙalar da ta fashe a ƙarshen 2020, da aka gano ana shigo da naman da ba a tantance ba ana manna masa tambarin halas, mutane suka ƙara sa ido. Don haka ba za a raba kanta biyu a ce rabi na Musulmi rabi na waɗanda ba Musulmi ba. Tun farko sai sun zaɓi ɗaya.

A nan lissafin ke yin wuya. Musulmi sun kai wajen kashi 63 cikin 100 na ƙasar, amma a cikin Kuala Lumpur kanta ba su cika rabi ba, saboda yawan 'yan asalin Sin da Indiya. Turawan da ke zaune a unguwanni irin su Bangsar da Mont Kiara, waɗanda su ne masu kewar abincin gida, akasari abin da kika gani a hoton suke nema, kuma akwai masu sayar musu tuntuni. Hayar shago a unguwannin nan kuwa, sai dai a yi shiru. Saura Musulmi masu abin hannu, waɗanda suka yi yawon duniya suna son ɗanɗano ba tare da shakku ba. Suna nan, ban musa ba. Amma mutumin da ya tashi da shinkafar kwakwa da yaji, wadda suke kira nasi lemak, a kan ringit (kuɗin ƙasar) kaɗan, ba kowace safiya zai sayi nama mai sanyi a ninkin kuɗin ba.

Ba cewa nake abincin Turawa ba ya kama ƙasa a yankin ba. Ya kama, sai dai inda ya kama ya sauya kamanni. Faransawa suka kai dogon burodinsu Biyetnam. Mutanen Saigon suka cusa masa karas mai tsami da barkono da ganye, suka fito da shi bakin titi a farashin talaka, ga shi yau duniya ta san banh mi. Cukun Edam na Holan ya zama na bikin Kirsimeti a Filifin, a Indonesiya kuma ya shige cikin cincin ɗin da suke yi da Sallah. Wanda ya tsaya kan cewa sai yadda ake yi a Milan, shi ya rage da 'yan tsirarun masu saye.

Abin da ya ba ni dariya da na karanta wasiƙarki, yaron ya tsallake dukiyar da ke gidansu yana hangen ta Italiya. Hajiya, mutanen Maleshiya suna da dambun nama. Sunansa serunding, jihar Kelantan ta fi shahara da shi, da azumi da Sallah ake rububinsa. Ranar da na fara ganinsa na ɗauka wata Bahaushiya ce ta yi, sai da na sa a baki na ji zaƙi da kwakwa. Suna kuma da dendeng, naman sa da ake ferewa siriri, ɗan'uwan kilishi. Ma'ana harshensu ya riga ya san hanyar. Ɗan gidan fawa da zai ajiye kilishin ƙuli-ƙuli da dambu irin naki kusa da bastirma yana da abin da babu wani Bature da zai yi gasa da shi. Dambu kuwa soyawa ake yi, bai damu da rana ba. Amma can zai yi su da naman can, kada ki soma cika jaka ki ba matafiyi, ƙwacewa za a yi a filin jirgi.

Sai filin. Kada ki sayar, aƙalla ba yanzu ba. Ba a cinikin kifi a ruwa. Ki fara tambayarsa da wace takarda yake zaune, domin takardar ɗalibi ba ta ba shi izinin buɗe kasuwanci ba. In kuwa komai da sunan abokin za a yi rajista, to kuɗinki ya zama kyauta ga mutumin da ba ki taɓa gani ba. Ki nemi yarjejeniyar haɗin gwiwarsu a rubuce, da shaidu. Ki ji nawa shi abokin zai zuba, ko gwanintarsa kaɗai ce jarinsa. Ki ji wa zai sayar musu da nama, da kuɗin haya da na wuta na wata shida, a lissafe da ringit. Sannan ki ce su gwada tukuna: a can ana hayar ɗakin girki mai lasisi, ana cin kasuwar ƙarshen mako, ana sayarwa ta waya. Su yi wata shida da abu uku ko huɗu, su nuna miki littafin ciniki.

Rabonsa nasa ne, in ya dage shari'a ba ta hana shi ba. Ku je wurin manyanku a raba, ko ki saye nasa a hankali in kina da hali. Naki kuwa ki bar shi inda Baba ya bar shi. In kina so ki taimaka, ki ba shi abin da in ya nutse ba za ki daina gaishe shi ba, ki haɗa masa da sirrin yajinki.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya dawo daga Faransa da wani cuku mai ɗigon shuɗi-shuɗi a ciki, warinsa ya cika firji. Na ce ya ruɓe, ya ce haka ake cinsa. Wa ya fi gaskiya?
Daga wata uwargida, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Uwargida, wannan karon maigida ya yi nasara. Da gangan ake sa masa wani irin fumfuna da ba ya cutarwa, a huda curin da allura don iska ta shiga ya yaɗu. Mafi shahara shi ne Roquefort, na madarar tumaki, a cikin kogunan dutse na kudancin Faransa yake nuna. Mai juna biyu dai ta ƙaurace masa, don irin su Roquefort da ɗanyar madara ake yi. Ki duba takardarsa ki ga da me aka daskarar da shi, ki sa a roba mai murfi don kada furarki ta ɗauki warin. Ni dai na gwada sau ɗaya, na koma wa cukunmu na Damagaram da shayi.