Uwata, Ga Amsar Tambayarki Kan Alhaji Imam

Uwata, saƙonki ya iso tun shekaranjiya. Kin ce malaminku na Hausa ya ba ku aikin gida a kan littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ku fito da jigo, ku kuma zayyana halayen babban tauraro, wato Alhaji Imam, masu kyau da marasa kyau. Kina tambaya ko a al'adarmu ya dace yarinya kamarki ta zauna tana ƙirga aibin dattijo, Alhaji guda, alhali a gida an hana ku ko kiran sunan babba gatsau. Na yi murmushi da na karanta, don na ga tarbiyyar gidanmu ba ta faɗi ƙasa ba. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi, saboda yadda kika tsara tambayar ya nuna mini ba ki karanta littafin ba tukuna. Da kin karanta, da sunan Malam Zurƙe ya fito a saƙonki ko sau ɗaya.

Ni na fara riƙe littafin nan ina aji shida a firamare. Aro aka ba ni na kwana uku, bangonsa ya yage, an ɗinke gindinsa da zare. A unguwarmu lokacin masu karanta boko ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, don haka da labari ya kai wa kakanmu, sai ya ce bayan sallar isha'i in zo zaure in karanta kowa ya ji.

Daren hunturu ne, an hura wuta a kasko, an ajiye mini aci-balbal a kan turmin da aka kife. Akwai wani tsoho maɗinkin hula, abokin kakanmu, da wani mahauci maƙwabcinmu, da almajirai sun cika bakin ƙofa suna rawar ɗari. Na fara da rawar murya. Na karanta yadda ɗan sarki ya kwanta ciwo, liman ya ce da za a sami ruwan Bagaja da ya warke, aka mai da maganarsa abin dariya a fada, aka wulaƙanta shi, Alhaji ya ɗauki sanda ya shiga duniya neman ruwan. Har nan kowa shiru. Da aka kai inda Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suka fara yi wa juna ƙulli, wannan ya jefa wancan a masifa a wani gari, wancan ya rama a gari na gaba, sai zaure ya kaure da dariya, mahaucin nan har yana dukan cinya.

Maɗinkin hula bai yi dariya ba. Ya soke allurarsa a jikin hular, ya ce in dakata. Ya ce shi a gaya masa, tsakanin mutanen nan biyu wane ne na kirki? Mahauci ya ce Alhaji mana, ai shi ke da labarin. Tsoho ya ce to ai nan gizo ke saƙa, tunda daga bakin Alhaji muke jin komai, kuma ba wanda ke ba da labarin kansa ya kai kansa ƙasa. Da Zurƙe aka ba dama ya faɗi nasa, da wani littafin za mu ji. Musu ya yi zafi har wutar kasko ta kusa mutuwa ba wanda ya kula. Kakanmu yana jan carbi, sai can ya ce shi abin da babansa ya gaya masa, in ka ga mutum biyu sun daɗe suna faɗa ba su rabu ba, halinsu ne ya zo ɗaya, kar ta san kar ne.

Sai muka ji muryar Inna, mai sunanki, daga bayan zana. Ashe tun farko tana tsaye da ƙwaryar fura a hannu. Ta ce ku maza kuna ta Zurƙe, kun manta abin da ya fitar da yaron nan daga gida. Limamin da aka ci wa mutunci mijin uwarsa ne, riƙonsa ya yi. Agola ne ya ɗauki kunyar uban riƙo ya ɗora a kansa ya yi ta yawo da ita shekara da shekaru. Ta ce yaba kyauta tukuici, kuma ɗan halak ne kaɗai ke tuna hannun da ya ba shi tuwo. Ta ajiye furar ta koma ciki. Wallahi Uwata, na yi karatu bayan nan, na ji malamai suna cewa jigon littafin kasada ne ko jarunta, amma ban taɓa jin wanda ya warware shi kamar yadda Inna ta yi a tsaye ba, ita da ba ta san ko bihim a boko ba.

Kin ga dai manyanmu ba su ɗauki tattauna halin mutumin cikin labari a matsayin gulma ba. Tun a tatsuniya ake fara shi. In an ce ƙurunƙus, kaka takan tambaye mu me ya kai Gizo ga halaka, mu ce haɗama, ta ce to gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shi kansa Abubakar Imam saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, lokacin da ya rubuta littafin don gasar rubutun Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Gasar nan ce ta fito da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaro ne ya ƙaga dattijon, ya ba shi wayo da son ramuwa da gangan, don ya san mai sauraro zai auna.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu shi ne gaggawa. Ana gobe jarrabawa ku buɗe waya, ku kwafi taƙaitawar da wani ya yi, ku haddace jigo kaza, salo kaza, taurari kaza, ku zuba a takarda. Littafin da bai kai kaurin ɗan yatsa ba! Ba a karanta shi da ƙarfi, ba a musu a kansa, ba tsohuwar da za ta tsoma baki daga bayan zana. Sannan bakin da ya ƙi yin magana a kan Alhajin takarda, shi ne za ka gani a Facebook yana yaga rigar mutuncin dattijo mai rai, da 'ya'yansa da jikokinsa suna karantawa. Wannan ne kakanmu zai kira rashin kunya.

Ki nemi littafin ki karanta shi tun daga zuwan Koje Sarkin Labari, baƙon da Alhaji ya ba labarinsa, har ƙarshe, kafin ki rubuta wa malaminku ko layi ɗaya. In kun zo hutun sallah ki taho da shi, za ki karanta mana a tsakar gida, ni da Goggonki. Ina so in ji wa za ki ba gaskiya tsakanin Alhaji da Zurƙe. Ki gaishe da babanki, ki ce masa ƙafar ta yi sauƙi.