Za a iya rushe bangon da ke tsakanin azuzuwan tsohuwar makaranta mai ginin ƙasa?

Malam, ka ce tsohuwar elementaren ƙauyenku ginin ƙasa ce mai rufin soro, kuna son haɗe aji biyu su zama zauren taro. Kafin kowa ya ɗauki diga, a ɗaga kai a duba inda azara ta kwanta.

Azarar giginya ba ta wuce kamar mita biyu ba tare da abin da ya tokare ta ba, don ƙasar rufi nauyi gare ta. Shi ya sa magina ke ɗaura bakan gizo, wato bakan azara da ƙasa mai tallafe rufi, a ɗaki mai faɗi, ƙafarsa kuwa cikin bango take. In ƙafar baka ko kan azara na cikin bangon tsakiyar, kuna taɓa shi rufin zai biyo ku. Mafita ita ce a huda ƙofa mai faɗi a tsakiya, a bar ginshiƙi mai kauri kowane gefe, a tokare rufin da itace kafin a fara sara. Da rani za a yi, ba da damina ba.

Kuma don Allah kar a shafe bangon da siminti. Ba ya kama jikin ƙasa, ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita, tubali ya jiƙe a ɓoye har ya zube. Yaɓen makuba daga ɓawon ɗorawa ya fi, rufi kuma a yi masa laso, wato haɗin katsi (gurɓin rini na marina), gashin jima da dafara (wani tsiro mai danƙo). Indararo a tsawaita shi ya zubar nesa da gindin bango, nan zaizaya ke farawa.

In da hali, ku kai magininku ya ga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ita ma ginin ƙasa ce.