Aikin gida ya hana ni karatun jarrabawa

Tambaya: Ni tela ce a Aboabo, Kumasi. Na yi rajistar WASSCE (jarrabawar kammala sakandare ta hukumar WAEC) ta masu zaman kansu don in gyara lissafi, amma shara, wanki da ɗibar ruwa suna cinye mini safiya, shago ya cinye yini. Da daddare ina buɗe littafi sai barci. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, aikin gida yana da masu bin bashinsa. In layin sharar tsakar gida ya zo kanki ba ki yi ba, kafin hantsi maƙwabta sun yi magana. Lissafi kuwa ba mai tuhumarki sai ranar jarrabawa. Ga shi wanke-wanke nan take kike ganin ƙarshensa, shi ya sa da tambaya ta yi wuya sai ki tuna da tukunya.

Ki mayar da karatun bayan sallar asuba. A Kumasi rana tana fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, don haka lokacin ba zai riƙa gocewa ba. Ki yi minti 25, ki huta minti 5, ki ƙara 25. Amma tun dare ake shirya shi: ki zaɓi tambayoyi biyar daga tsoffin takardun WAEC, ki bar shafin a buɗe, biro a kai, waya a cikin jaka. Wadda ta tashi da niyyar "yau zan yi karatu" kawai, a neman inda za ta fara lokacin yake ƙarewa.

Hutun minti biyar ɗin nan ne ke kayar da mutane. "Bari in ɗauraye kofin nan" shi ke jawo wankin kwanukan jiya duka. Ki sha ruwa, ki miƙe ƙafa, kada ki taɓa tsintsiya.

Sauran ayyukan ki tara su. Wanki rana ɗaya a mako. Ranar da famfo ya kawo ruwa ki cika galan ɗin Kufuor (jarkokin ruwa masu launin rawaya) duka. Ki soya shito (soyayyen yajin Ghana) mai yawa, don yana jure ajiya idan mai ya rufe shi. Miya kuwa kada ki dogara da firji saboda ɗauke wuta. Shara ma kina iya musayar rana da maƙwabciya.

Idan ɗinki ya yi yawa, kamar lokacin biki ko Sallah, ki rage zuwa minti 25 da tambaya biyu. Ranar da ta kuɓuce kada ki ninka washegari, ki ci gaba daga tambayar da kika tsaya.