Bokis ɗin sitiyari yana zubar da mai: ka duba sandar kafin ka sayi robobi

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce motarka irin ta shiga daji ce, bokis ɗin sitiyarinta yana ɗigar da mai ta ƙasa, daidai inda hannun sitiyari, wato ƙarfen da ke kai motsin bokis zuwa tayoyi, yake ɗaure, kullum sai ka ƙara mai, kuma kana son sanin ko za ka iya kwance shi ka sake masa robobi da kanka ko gara ka sayi wani. Sau uku na kwance irin wannan bokis, biyu a motata, ɗaya a ta abokina. Za ka iya, in kana da haƙuri da wurin aiki mai tsabta. Sai dai aikina na farko bai yi wata biyu ba ya koma yoyo, kuma dalilin hakan shi ne abin da na fi so ka ji.

Kafin nan, ka tabbatar bokis ɗin ne yake yoyon. Mai gangarowa yake yi, duk inda ya fito a ƙarshe ƙasan bokis zai taru, sai mutum ya rantse sil ɗin ƙasa ne, wato robar da ke kewaye da sanda tana tare mai. Sau da yawa kuwa tiyon famfon da ke tura man sitiyari ne ya tsage a wajen da aka matse shi da ƙarfe, ko bakin tiyon ya saki, ko tankin man ne yake tsatsafowa. Ka wanke wurin tas, ya bushe, ka barbaɗa masa hoda, ka tada inji, wani ya riƙa murɗa sitiyari hagu da dama kana kallo da tocila. Inda hodar ta fara jiƙewa nan ne. A jikin bokis ɗin wurare huɗu ne suka saba yoyo: sil ɗin sandar sama da ke haɗe da kan sitiyari, sil ɗin sandar ƙasa da ke riƙe da hannu, robar murfin da ke da notin gyara a kansa, da robar toshin ƙarshen silinda.

Mu ce ka tabbatar na ƙasan ne, kamar yadda ka faɗa. A karo na farko ni ma haka na gani. Na sayi saitin robobi, na cire tsohon sil, na ga ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi, na sa sabo, yoyo ya tsaya. Bayan makonni kaɗan na sake ganin ɗigo a ƙasa. Da na zare sandar gaba ɗaya, sai ga tsatsa ta ci ta ta yi ƙananan ramuka daidai inda leɓen sil yake zama, ga kuma wani siririn layi da tsohon sil ya zana mata a kewaye. Sabon sil ɗin da na sa a kan wannan kaushi yake ta gogawa har ya yage. Laifin ba nasa ba ne.

Motar daji ta fi kowace fama da wannan. Sandar ƙasa tana kallon ƙasa ne, duk taɓo da ruwan da ka ratsa a kanta yake ƙarewa. In robar da ke kare ƙura ta gaji, laka ta shige ta kwanta, ta riƙe danshi, tsatsa ta kama. Sannan ga manyan tayoyi. Duk lokacin da taya ta daki dutse, ko ka murɗa sitiyari mota tana tsaye a cikin rami, ƙarfin ta hannun nan yake bi ya isa sandar, yana tura ta gefe. Sannu a hankali boris ko bushin da ke riƙe da ita ya ci, sandar ta fara lilo, sil kuwa ba a yi shi don ya bi sanda mai lilo ba. Kar ka manta kuma man da ke bayan sil ɗin ba a kwance yake ba. In ka kai sitiyari ƙarshe, famfo yana iya tura shi da ƙarfin bar 80 zuwa 100, bar kuwa ma'aunin matsi ne. Ramin da farce kawai zai ji ya ishe shi hanya.

Saboda haka gwaji biyu nake so ka yi tun ba ka kashe kuɗi ba. Na farko bokis yana jikin mota: tayoyi a ƙasa, wani yana jijjiga sitiyari, kai kana kallon sandar inda ta fito. Juyawa kawai ya kamata ta yi. In ka ga tana motsi gefe da gefe, boris ya tafi, sauya sil kaɗai ɓata lokaci ne. Na biyu bayan ka zare ta: ka bi da farce a inda sil yake zama. In farce bai tsaya ba, ka goge ta da sanfefa mai laushi sosai, lamba 600 sannan 1000, da ɗan mai, kana kewaya sandar, ba kana binta tsaye ba, don layin tsaye hanyar mai ne. In farce yana faɗawa rami, sandar ta gama aiki. Akwai siririn hannun riga na ƙarfe da ake sa wa sanda don sil ya sami wuri mai santsi, irin wanda kamfanin SKF ke yi, wasu sun ji daɗinsa, amma ni sauya sandar na yi kuma shi nake ba ka shawara. Abu ɗaya da zan roƙe ka: kar ka bari a yi mata walda a cike ramin a goge. Ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, zafin walda yana ɓata shi, kuma ranar da ta karye babu abin da ya rage tsakanin hannunka da tayoyi. Ka duba haƙoran bakinta ma, inda hannu yake shiga. A miƙe suke. In ka ga sun ɗan murɗe, motar ta taɓa shan duka mai tsanani, wannan sandar ba ta komawa mota.

In sandar lafiya take kuma ba ta lilo, ba sai ka sauke bokis ba, ana sauya sil ɗin ƙasa a jikin mota. Ka yi wa hannu da sanda alama, ka cire babban noti, ka zare hannun da fula, wato ƙarfen da ake ɗaurewa ya janyo shi a hankali. Da fula, ba da guduma ba. Dukan guduma cikin bokis yake shiga ya lalata abin da ba ka gani. In ya ƙi, ka ɗaure fular ta yi tauri, ka ɗan buga gefen hannun, ka bar shi ya sha man kwance tsatsa, ka dawo. Bayan ka cire zoben ƙarfen da ke tare sil, wasu suna tada inji su murɗa sitiyari ƙarshe don ƙarfin mai ya tunkuɗo sil ɗin waje. Yana aiki, na yi, amma mai yana fitowa da ƙarfi, ka sa bokiti, ka kawar da fuska, ka kashe inji nan take kar famfo ya bushe.

In kuwa sai an kwance shi duka, ga yadda cikinsa yake, don ka san abin da za ka tarar. Nawa irin na Saginaw ne, wanda General Motors ta yi, ana samunsa a tsofaffin Jeep da manyan motocin Amurka da yawa. Na Toyota da Nissan tsarin kusan ɗaya ne ko da yake kayan ba sa shiga juna. Sandar sama tana juya wata sanda mai zare, ita kuma tana tura fistin gaba da baya, fistin ɗin yana da haƙora a gefe da ke juya sandar ƙasa. Tsakanin zaren da fistin akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zagayawa su dawo ta wani ɗan bututu. A bakin sandar sama akwai bawul da ke raba mai zuwa gaban fistin ko bayansa gwargwadon inda ka murɗa.

Kafin ka sauke shi, ka daidaita tayoyi su kalli gaba, ka ɗaure kan sitiyari da bel kar ya juya. In motar tana da jakar iska a sitiyari, akwai naɗaɗɗiyar waya a ciki da ke tsinkewa in kan ya yi ta juyawa shi kaɗai. Ka wanke bayan bokis sosai kafin ka buɗe, ƙwayar yashi ɗaya tana iya zana bawul. Ka yi aikin a cikin faffaɗan tire, domin ƙwallayen nan zubowa za su yi. Ka ƙirga su. A nawa 24 ne, kala biyu, masu duhu da masu haske, kuma ba ado ba ne: girmansu ya ɗan bambanta, ana jera su ɗaya mai duhu ɗaya mai haske. In ɗaya ta ɓace kar ka rufe bokis ɗin, haka in ɗaya ta faɗa wajen hanyarta a cikin fistin, domin tana iya cije sitiyari kana cikin tafiya. Wajen mayar da su na sha wahala har sai da na gane a riƙa juya sandar a hankali ana jefa su ɗaya bayan ɗaya, sauran kuma a manna su a cikin bututun da man Vaseline, wanda yake narkewa a cikin man sitiyari ba ya toshe komai.

Duk abin da ka cire ka ɗauki hotonsa, ka jera sil da washa a kan waya yadda suka fito. Saitin robobi yakan zo da kayan da suka fi buƙatarka yawa, domin an haɗa shi don bokis iri-iri, hoton nan ne zai raba maka gardama. Leɓen sil wajen mai yake kallo. In za ka zura sanda ta cikin sabon sil, ka naɗe haƙoranta da salatif ka shafa mai, in ba haka ba haƙoran su yanke leɓen tun bai fara aiki ba.

Zobban Teflon na jikin fistin da bawul su ne wurin da ake buƙatar natsuwa. Ba sa miƙewa su koma kamar roba. Ka jiƙa su a ruwan zafi su yi laushi, ka sa su ba tare da ka ja su fiye da kima ba, sannan ka matse su da tef ko abin ɗaure tiyo a kan takarda mai kauri ka bar su su koma girmansu. In ka yi gaggawa ka tura fistin zobe yana a buɗe, bakin silinda zai yanke shi, ba kuwa za ka ga yoyo a waje ba. Abin da za ka ji shi ne sitiyari ya yi nauyi gefe ɗaya, ko ya yi nauyi in mai ya yi zafi, sai ka sake kwance komai.

Sai gyaran tauri, inda na ga mutane da yawa suna lalata bokis mai kyau. Gyara biyu ne kuma da tsarinsu. Ana fara da na boris ɗin sandar sama, sannan a zo kan notin da ke saman murfi. An yanka haƙoran nan ne yadda za su fi matsewa a tsakiya, inda mota take tafiya miƙe, su ɗan saki a gefe. Wanda ya murɗa sitiyari gefe ya ji lilo ya ɗaure noti har lilon ya ɓace, to ya shaƙe tsakiya. Sitiyari zai daina komowa da kansa bayan kwana, motar ta riƙa yawo a hanya kana binta da gyara, haƙoran kuma su cinye juna. Ana yin gyaran ne bokis yana kan tebur, babu hannu a jikinsa, ka ƙirga juyi daga ƙarshe zuwa ƙarshe ka raba biyu ka sami tsakiya, ka riƙa ratsa ta kana aunawa da ƙaramar sufana mai awo. Ƙarin taurin da ake nema a tsakiyar kusan Nm 1 ne kacal a ma'aunin ƙarfin murɗawa, abin da yatsu biyu za su juya. Ainihin adadin yana cikin littafin gyaran motarka, shi za ka bi, haka ma na babban notin hannu da kusoshin da ke riƙe bokis a shasi.

Tunda bokis yana ƙasa, ka goge shasi inda yake zama ka duba da kyau. Motocin da aka sa wa manyan tayoyi suna tsagewa a kewayen ramukan kusoshin nan, tsagar kuma tana ɓuya a ƙarƙashin datti.

Kar ka haɗa bokis mai tsabta da tsohon mai. Ka zubar da na tanki, ka wanke tiyo, ka sa irin man da aka rubuta a murfin tankin ko a littafi. Toyota da yawa man giya na ATF suke sha, wasu motocin kuma nasu daban ne. Maganin tsayar da yoyo da ake zubawa a tanki kumbura roba kawai yake yi, yoyo ya lafa kwana biyu, robobin su yi laushi su lalace gaba ɗaya, ban yarda da shi ba. Wajen fitar da iska, ka ɗaga gaban mota a kan abin tokare mai ƙarfi, inji a kashe, ka murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali kamar sau ashirin kana cika tanki. Sannan ka tada inji na ɗan lokaci ka kashe ka duba. In mai ya yi kumfa ko famfo yana kuka, akwai sauran iska, ka bar shi ya kwanta ka maimaita. Daga nan gaba ka daina riƙe sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar, lokacin ne mai yake zafi fiye da kima, zafin kuma shi ke busar da sil. Bayan na sa manyan tayoyi na ƙara ɗan abin sanyaya mai a kan tiyon da ke komawa tanki, kuma duk ranar da na ratsa ruwa mai zurfi ina wanke ƙasan bokis in leƙa tanki, in man ya yi fari-fari ruwa ya shiga.

Sayen wani yana zama dole ne in cikin silinda ya zanu har farce yana ji, ko zaren sanda ya ɓarɓashe, ko jikin bokis ya tsage. In ka kai nan, ka tambayi mai sayarwa me aka sauya a ciki. Na taɓa buɗe wanda aka sayar wa abokina a matsayin gyararre, na tarar robobi da fenti ne kawai sababbi, sandar ƙasa da ramukanta na tsatsa tana nan yadda take.

Ka yi gwajin hodar da na lilon sandar tukuna, ka faɗa mana irin motar da shekararta da girman tayar da ke kanta, sai mu san ko aikin rabin yini ne a ƙarƙashin mota ko sai an sauke bokis ɗin.